Yadda za ka gano duniyar da ke zagaya wani tauraro, kana zaune a Maraɗi

Lokacin da gero ya fara nuna, in ka bi hanyar Tibiri da hantsi, za ka hangi yaro tsaye a tsakiyar gona yana korar tsuntsaye da majajjawa. Daga bakin hanya ba ka ganin dutsen, ba ka ma ganin igiyar. Hannunsa kawai kake gani yana ƴan kewaye-kewaye a saman kansa. Duk da haka ba sai an gaya maka akwai dutse ba. In tsakuwa ce, tsintsiyar hannu kaɗai ke motsi. In dutse ne mai nauyi, har kafaɗa da ƙugu sai sun yi rangaji. In kuma ka tsaya ka ƙirga, za ka san saurin zagayen.

Da wannan dabarar ake gano duniyoyin da ke zagaya wasu taurari. Tauraro shi ne hannun, duniyar ita ce dutsen, ƙarfin da nauyi ke jan nauyi shi ne igiyar. Duniyar ba ta da hasken kanta, hasken tauraron kuma ya danne ta, amma tana jan sa kamar yadda yake jan ta. Su biyun suna kewaya tsakiya ɗaya ne, ita a babban da'ira, shi a ƙarami. A rabin zagayen yana ɗan matsowa wajenmu, a ɗaya rabin yana ɗan nisanta. Wannan matsowa da nisantar ake aunawa.

Ina koyar da fizik a wani lise a nan garin. Wata rana ina maganar taurari sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, in ba a ganinta, ta yaya aka san nauyinta?" Na ba ta amsar littafi, na ga ba ta gamsu ba, ni ma ban gamsu da bakina ba. Da hutu ya zo na zauna na yi aikin da hannuna daga farko har ƙarshe, shi ne zan shimfiɗa a nan. Ba mu da babban madubin hangen nesa irin wanda masana ke aiki da shi a ƙasar Chili, gaskiya ne. Amma rabin aikin gano duniya a kan teburin lambobi ake yin sa, lambobin kuma an zuba su a intanet kyauta. Abin da kake bukata kwamfuta ce mai Excel ko LibreOffice, da rezo na awa ɗaya, da kaye da bik, da lissafin da duk wanda ya kai ajin ƙarshe na lise ya taɓa yi.

Fara da sanin abin da lambar ke nufi

Tsaya a bakin hanyar Ɗan Isa ka saurari odar babbar mota. Tana tunkaro ka muryar tana da kaifi, da ta wuce sai ta yi kauri, alhali direba bai canza komai ba. Igiyoyin sauti ne ke matsuwa in abu yana zuwa, su miƙe in yana tafiya. Christian Doppler ya bayyana haka a 1842, kuma haske ma haka yake yi: tauraron da ke matsowa haskensa na ɗan karkata wajen shuɗi, wanda ke nisanta wajen ja.

Ido ba ya kama wannan karkatar, sai an sami alamar da za a riƙe. In aka warware hasken tauraro kamar bakan gizo, za a ga siraran layuka baƙaƙe sun ratsa launukan. Joseph Fraunhofer ya zana su a hasken Rana tun 1814. Kowane sinadari da ke sararin tauraron yana shanye haske a wurare nasa na kansa, ba ya canzawa, kamar yadda da ka ga askar Bagobiri ba ka tambayar asalinsa. Barbaɗa gishiri a harshen wutar gas ka ga ya koma rawaya: sinadarin sodiyam ne, layukansa biyu suna inda tsawon igiyar haske ya kai nanomita 589.0 da 589.6 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). In ka same su a hasken tauraro sun gusa daga inda aka san su, to tauraron yana tafiya. Lissafin kuma gajere ne: raba gusawar da tsawon igiyar hasken, ka ninka da gudun haske, kilomita kusan 300,000 a sakan. Abin da ya fito shi ne gudun matsowa ko nisanta, wanda a teburori ake rubutawa RV. In lambar tana da alamar ragi, tauraron yana matsowa.

Ka riƙe waɗannan ma'aunai a ka, domin su za su gaya maka abin da ke da sauƙi da abin da ke da wuya. Mushtari, wato Jupita, babbar duniya a gidanmu na masu zagaya Rana, tana sa Rana rangaji da mita 12.5 a sakan, kilomita 45 a awa ke nan, gudun ɗan kabu-kabu a cikin gari, kuma zagaye ɗaya yana cin shekara kusan 12. Duniyarmu santimita 9 kacal a sakan take iya jan Rana, tafiyar kunkuru. Duniyar da za mu nema a yau tana jan tauraronta da mita kusan 56 a sakan, kilomita 200 a awa. Ko wannan mai yawan, gusawar layin ba ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan 5 na tsawon igiyar ba.

Je ka ga tauraron da idonka

Ban yarda mutum ya fara da lambobi bai san abin da yake aunawa ba. Tauraronmu sunansa 51 Pegasi, a kundaye kuma HD 217014. Irin Rana ne, ya ɗan ɗara ta nauyi, haskensa yana yin shekara kusan 50 kafin ya iso mu. A kansa Michel Mayor da Didier Queloz na jami'ar Janiba suka gano duniya ta farko da ke zagaya tauraro irin Rana, da madubi mai faɗin mita 1.93 a Haute-Provence ta kudancin Faransa. Sun sanar a watan Oktoba na 1995, aka ba su kyautar Nobel a 2019.

Mu a Maraɗi mun yi sa'a da shi, don kusan ta tsakiyar kanmu yake ratsawa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai kankama ba, fita tsakanin ƙarfe 8 da rabi da 9 da rabi a daren da babu wata. Shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine. Za ka ga taurari huɗu masu haske sun yi babban murabba'i. Biyun da ke gefen yamma su ne Markab a kudu da Scheat a arewa, waɗanda malaman hisabi suka sani da Farghul Muƙaddam cikin masaukan wata 28. Bi layi daga Markab zuwa Scheat, kafin ka kai rabi ka ɗan leƙa yamma, wajen murabba'in. Ɗigo ne dushi-dushi, a iyakar abin da ido ke gani. Fitilun gari suna ɓoye shi, sai ka fita bayan gari ko ka dace da daren da babu wuta. Manhajar Stellarium a waya za ta nuna maka wurin, ƙaramin madubin hangen nesa na hannu kuma zai fito maka da shi sarai.

Abin da aka yi kafin lambobin su iso gare ka

Wannan ɓangaren ba kai za ka yi ba, amma in ba ka san shi ba teburin zai yaudare ka. Masu awon ba kowane tauraro suke bi ba. Suna son na kusa, mai haske, wanda ya manyanta ya natsu, mai juyawa a hankali. Taurari masu tsananin zafi layukansu kaɗan ne, masu saurin juyawa kuma layukansu sun baje, babu kaifin da za a auna. Ƙananan jajayen taurari suna da daɗin aiki ta wani gefen, don ba su da nauyi, ƙaramar duniya ma tana iya girgiza su.

Hasken yana bi ta zaren gilashi zuwa na'urar warware haske. Wadda ta yi suna ita ce HARPS, a kan madubi mai mita 3.6 a La Silla ta ƙasar Chili, tana aiki tun 2003. An rufe ta a tukunyar da aka zuƙe wa iska, an riƙe zafinta kada ya motsa fiye da kashi ɗaya cikin 100 na digiri, domin gudun mita 1 a sakan yana gusar da layi ne da kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na ɗigon kyamara. Ƙarfe ya ɗan buɗe don zafi, awo ya lalace. Saboda haka ake haska fitilar da aka san layukanta daidai, irin ta toriyam da argon, a gefen hasken tauraron, ta zama magwaji. Wasu kuma sukan ratsa hasken ta kwalbar tururin aidin. Sannan ba layi ɗaya ake dogara da shi ba, dubbai ne ake haɗawa. A lissafi, in ka auna abu sau 2,500, kuskuren matsakaicin yana raguwa sau 50.

Sai babban gyara. Mu masu awon ba a tsaye muke ba. Duniya tana gudu da mu kilomita 30 a sakan a kewayen Rana, tana kuma juyawa, wanda a nan Maraɗi ya kai mita 450 a sakan. Dole a cire duk wannan, a mayar da awon kamar daga tsakiyar nauyin gidan Rana aka yi shi. Teburorin da ake wallafawa an riga an yi musu gyaran. Shi ya sa za ka ga an rubuta lokaci da BJD, wato ƙirgar kwanakin da aka yi wa wannan gyaran.

Sauke teburin, ka wanke shi

Wurare uku na sani masu kyau: rumbun NASA Exoplanet Archive, da VizieR na Strasbourg, da DACE na jami'ar Janiba. Rubuta 51 Peg ko HD 217014, nemi teburin RV, sauke shi. Fayil ne ƙarami, bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Ginshiƙai uku kake so: lokaci, gudu, da kuskuren awo. Zuba su a A, B da C.

A nan na fara tuntuɓe, kuma duk mai kwamfutar Faransanci zai yi irinsa. Teburorin suna raba lamba da ɗigo, Excel ɗinmu kuma waƙafi ya sani. Sai ya ɗauki lambobin a matsayin rubutu, ya manna su a gefen hagu na akwati, duk lissafin da ka ba shi ya ƙi. Na ɓata yamma guda ina zargin dabarata. Zaɓi ginshiƙan, danna Ctrl da H, maye kowane ɗigo da waƙafi. Da ka ga lambobin sun koma dama, sun zama lambobi.

Lokacin zai zo maka kamar 2450000 da ƴan kai. Kwanaki ne da masana taurari ke ƙirgawa a jere, babu wata babu shekara, don ragi ya yi sauƙi. Rana ta 2450000 ta faɗo a 9 ga Oktoba 1995, don haka wasu teburorin sukan cire wannan adadin su bar saura. Duba kuma ko gudun a mita yake ko a kilomita. In ka ga lambobi wajen ragi 33, kilomita ne, kuma gudun da tauraron da duniyarsa ke yi tare ne suna matsowa wajenmu. Ba shi muke nema ba. Ɗauki matsakaicin ginshiƙin ka cire daga kowace lamba, ka ninka da 1,000. In teburin ya haɗa awon na'urori biyu, kowace ka cire mata nata matsakaicin daban, don kowace da inda take fara ƙirga, kamar tiyar Maraɗi da ta wata kasuwa. Awon da kuskurensa ya ninka na sauran sau uku ko huɗu, ajiye shi gefe ka rubuta a kaye cewa ka ajiye. Kada ka taɓa jefar da awo don kawai bai bi abin da kake so ba.

Yanzu zana gudu a kan lokaci, da zanen ɗigo-ɗigo, wanda Excel na Faransanci ke kira nuage de points. Za ka ga ɗigo a watse tsakanin ragi 60 da 60, kamar an watsa wa kaji hatsi. Kada ranka ya ɓaci. Dare ɗaya an auna, dare biyar hadari ya hana, wata uku tauraron yana bayan Rana. Tsarin yana ciki, a warwatse yake.

Naɗe lokaci

Wannan shi ne zuciyar aikin. Ɗauki doguwar igiya da aka ɗiga wa tawada nan da can, ka naɗe ta a jikin turmi. In kaurin turmin ya dace da tazarar ɗigon, duk za su hau layi ɗaya. In bai dace ba, su watse. Tsawon zagayen duniyar shi ne kaurin turmin, shi muke lalube.

Rubuta zato a akwatin F1, misali 4. A D2 rubuta =MOD(A2/$F$1;1) ka ja shi har ƙasa. In kwamfutarka ta Ingilishi ce, waƙafi za ka sa a wurin waƙafi mai ɗigo. Abin da ya fito lamba ce tsakanin 0 da 1, tana faɗin inda duniyar take a zagayenta a daren da aka yi awon. Zana B a kan D. Sai ka riƙa canza F1 kana kallon zanen.

Kada ka fara da dukan teburin. A kwana 1,000 wannan duniyar tana zagaye kusan 236. In zatonka ya kauce da 0.01 na kwana kawai, kuskuren yana taruwa ya zama kwana 2.4, fiye da rabin zagaye, zanen ya dagule ko da kana dab da amsa. Nemi wata ɗaya ko biyu da awo ya yi yawa a cikinsu, ka fara da su. Gwada 4, 4.1, 4.2. Wajen 4.2 za ka ga ɗigon sun fara haɗa kai. A 4.23 za su kwanta su yi tudu ɗaya da kwari ɗaya. Sai ka ƙaro sauran watannin kaɗan-kaɗan, kana gyara lamba ta uku da ta huɗu bayan ɗigo, har ka kai wajen 4.2308.

Daren da na fara ganin haka, kuran ya ɗauke, batirin kwamfuta ya kusa ƙarewa, ina zaune a tsakar gida. Na canza 4.22 zuwa 4.23, hatsin nan da ke watse ya tattaru ya zama igiya ɗaya mai lanƙwasa. Na ɗaga kai, murabba'in yana sama da ni. Na daɗe ban tashi ba.

A nan mun san wajen da amsar take. In sabon tauraro ne, ba za ka gwada zato 100,000 da hannu ba, kwamfuta ce za ta yi. Dabarar ana kiranta da sunan mutum biyu, Lomb da Scargle, kuma tana cikin astropy, kayan aikin harshen Python. Buɗe Google Colab a intanet, ba sai ka girka komai ba. Bayan ka shigar da ginshiƙan uku a matsayin t, v da e, layi biyu ne: from astropy.timeseries import LombScargle, sannan f, p = LombScargle(t, v, e).autopower(). Zana p a kan 1/f. Inda tsini ya fi tsawo, nan ne zagayen da ya fi dacewa da awon.

Sai dai tsinin ba ɗaya ba ne, kuma a nan ake faɗawa rami. Saboda da dare kaɗai ake awo, kusan sa'a guda kullum, kowane zagaye na gaskiya yana haifar da inuwoyi. Ga 51 Pegasi za ka iya ganinsu wajen kwana 1.3 da 0.8. Na taɓa ɗaukar na 1.3 a matsayin duniya ta biyu, har na kwana da murna. Hanyar ganewa: juya zagayen ya zama 1 a raba da 4.23, wato 0.236. Cire shi daga 1, ka sami 0.764, juya shi, ga 1.3. Duk tsinin da ya fito ta wannan lissafin inuwa ce. Haka nan ka yi hattara da duk abin da ya faɗo kusa da kwana 1, ko 29.5 na wata, ko 365 da rabinsa. Sau da yawa motsinmu ne, ba na tauraron ba.

Auna nauyinta da nisanta

Koma kan zanen da ya naɗu. Bi tsakiyar ɗigon, ba na gefe ba, ka karanta ƙololuwar tudu da gindin kwari. Rabin tazararsu shi ne ƙarfin rangaji, ana rubuta shi K. Za ka samu wajen 56. In kana son daidai, yi ginshiƙin =K*SIN(2*PI()*(D2-x)), inda x ke gusar da igiyar dama ko hagu, ka bar Solveur, kayan aikin Excel mai lalubo lambar da ta fi dacewa, ya nemo K da x da suka fi rage tazara tsakanin igiyar da awon. Lura da siffar ma: in tudu da kwari sun yi daidai da juna, hanyar duniyar da'ira ce. In gefe ɗaya ya yi tsini ɗaya ya baje, hanyar ta yi tsawon ƙwai, sai a koma ga manhaja irin RadVel. Ta 51 Pegasi kusan da'ira ce.

Ga lissafin hanyar da'ira. Mayar da zagayen shekara: 4.23 a raba da 365.25, ya ba da 0.01158. Ɗauki saiwarsa ta uku, a Excel =0,01158^(1/3), ka sami 0.226. Nauyin tauraron kusan 1.1 ne na Rana, wannan daga launinsa da bakan haskensa masana ke fitar da shi, kai karɓa za ka yi. Ɗaga shi zuwa 2/3, ka sami 1.066. Ninka 56 da 0.226 da 1.066, raba da 28.4, lambar da ke sa amsar ta fito a ma'aunin nauyin Mushtari. Amsa wajen 0.47: kusan rabin nauyin Mushtari, wato nauyin Duniyarmu sau 150.

Nisan kuma dokar Kepler ce: ninka 0.01158 da kansa, ninka da 1.1, ɗauki saiwa ta uku. Ya ba da 0.053 na nisan da ke tsakaninmu da Rana, kilomita miliyan 8. Duniyar da ta fi kusa da Ranarmu tana can kilomita miliyan 58, tana zagaye a kwana 88. Ƙatuwar duniya a bakin wuta haka, shekararta kwana 4, shi ne abin da ya girgiza masana a 1995, ko da yake Otto Struve ya ce a nemi irinta tun 1952.

Amsar da na bai wa ɗalibata tana da sharaɗi, kuma wajibi ne ka faɗe shi duk lokacin da ka ba da lamba. Matsowa da nisanta kawai muke gani. In yaron yana wulwula majajjawa a kwance kana kallonsa daga gefe, dutsen yana zuwa wajenka yana komawa, ka ga gudun duka. In daga sama kake kallo, ba ya matsowa ba ya nisanta. Ba mu san karkatar hanyar ba, don haka 0.47 mafi ƙarancin nauyi ne. A lissafin dace, sau 87 cikin 100 nauyin gaskiya bai kai ninki biyu na wannan ba. In duniyar tana gittawa ta gaban tauraronta tana rage haskensa, an san karkatar, nauyi ya tabbata. An fara ganin haka a 1999 a kan HD 209458, shi ma a wannan yankin na sama.

Yanzu yi ƙoƙarin kashe ta

Wannan matakin na fi so ɗalibai su koya, don ya fi ƙarfin ilmin taurari. Ka sami tsini, ka sami igiya mai kyau, zuciyarka tana so ta zama duniya. To kai ne za ka zama mai gabatar da ƙara a kanta.

Babban abokin gaba shi ne tauraron kansa. Yana juyawa, gefe ɗaya na fuskarsa yana zuwa wajenmu, ɗayan yana tafiya, su biyun suna soke juna. In baƙin tabo ya fito a gefen da ke zuwa, ya rage hasken wannan gefen, sai a ga kamar tauraron yana nisanta. Tabon ya zagaya ɗaya gefen, a ga kamar yana matsowa. Ga rangaji, babu duniya. Queloz da kansa ya gamu da haka a kan HD 166435: zagayen kwana 3.8 mai kyan gani, a 2001 ya nuna tabo ne. Ban da tabo, fuskar tauraro tana tafasa kamar kunu, irin Rana kuma tana kaɗawa duk minti 5, shi ya sa ake barin kyamara a buɗe minti 10 zuwa 15 don kaɗawar ta lafa.

Ga abin da za ka yi. A teburori irin na DACE akwai ƙarin ginshiƙai masu auna siffar layukan da zafin harkar tauraron: BIS, FWHM, da ma'aunin layukan kalsiyam. Duniya tana gusar da layi ne gaba ɗayansa, ba ta canza masa siffa. Tabo kuwa yana karkata shi. Yi wa waɗannan ginshiƙan irin binciken da ka yi wa gudu. In tsininsu ya faɗo a zagaye ɗaya da naka, ko a kwanakin juyawar tauraron, ko rabinsu, ka janye. Sannan raba teburin gida biyu, shekarun farko da na baya. Duniya ba ta fashi, tudunta yana zuwa a kan lokaci shekara da shekaru, tabo kuwa yana mutuwa cikin makonni ko watanni. Gwada da awon wata na'ura. Sai gwajin cakuɗa: bar kwanakin a wurinsu, ka hautsina lambobin gudu a tsakaninsu, ka sake neman tsini, sau 1,000. In hautsinannen teburi yana ba da tsini irin naka ko da sau 10 ne, naka bai isa shaida ba. Daga ƙarshe cire igiyar daga awon ka binciki saura, don duniya ta biyu a can take ɓuya.

Manya ma sun sha wannan. A 2012 aka sanar da duniya a Alpha Centauri B, zagayen kwana 3.24, rangajin rabin mita a sakan. A 2015 wasu masu bincike a Oxford suka nuna cewa tsarin dararen awon ne ya haifar da alamar. Ta ɗaya gefen kuma, masana a Kanada sun ga alama a Gamma Cephei tun 1988, suka yi shakka, sai 2003 aka tabbatar duniya ce. Ita 51 Pegasi an tuhume ta a 1997 cewa kaɗawar tauraro ce, tuhumar ta faɗi a shekarar da ta biyo. Yi mata gwaje-gwajen nan da kanka, za ka ga ta tsaya daram.

In hannunka ya faɗa

Na biyu ka ɗauki Tau Boötis, wanda ke kusa da Arcturus mai haske, yana ratsa saman Maraɗi da dare a watan Mayu da Yuni. Zagayensa kwana 3.31, rangajinsa ya haura mita 450 a sakan, har masu sha'awa da ƙananan madubai sun taɓa auna shi. Sabon darasin da ke cikinsa shi ne yana da abokin tauraro da ke jan sa a hankali, don haka awon shekaru yana gangara, sai ka cire gangaren kafin ka naɗe. Da nauyin tauraro wajen 1.35, amsarka ta fito kusa da Mushtari 4.

Na uku shi ne mai wuyar, Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da Rana, shekarar haske 4.2. A tsakiyar Yuni wajen ƙarfe 9 da rabi, in hadari ya ba da sarari, dubi kudu sosai: Alpha Centauri yana nan kamar digiri 15 sama da ƙasa, Proxima kuma yana gefensa, ido ba ya ganinsa. A 2016 Guillem Anglada-Escudé da abokan aikinsa suka sanar da duniyarsa, bayan sun bi shi da HARPS dare bayan dare. Zagayen kwana 11.2 ne, rangajin mita 1.4 a sakan, tafiyar mutum zuwa masallaci, ga shi tauraron mai yawan tartsatsi ne. A nan naɗewa da hannu ba za ta yi ba, sai Python, kuma sai ka binciki ginshiƙan harkar tauraron tun kafin ka dubi gudu. Nauyin Proxima 0.12 ne na Rana. Sa shi a lissafin ɗazu, ka ninka abin da ya fito da 318 don ya koma ma'aunin Duniyarmu. In ka yi daidai, za ka sami wajen 1.2.